Me ya sa masu zuba jari ke sauke wanda ya kafa kamfani su ɗora wani?

Wani ɗan'uwa ya aiko da tambaya. Ya ce shi da abokansa biyu suna gina wata manhaja, suna fatan neman jari nan gaba, amma akwai abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya duk lokacin da ya karanta tarihin kamfanonin intanet na Amurka. Mutum ya sha wahala ya kafa kamfani daga ɗakin kwanansa, masu kuɗi su shigo, bayan shekara biyu ko uku sai a ji an sauke shi an ɗauko wani manaja daga waje. Ya ce, wannan ba kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi ba ne? Kuma ta yaya ma ake korar mutum daga abin da yake nasa?

Ɗan'uwa, zan fara da tambayarka ta biyu, domin idan ta warware, ta farkon ba za ta yi wuya ba.

Daga ranar da mai kamfani ya karɓi jarin waje, kamfanin ya daina zama nasa shi kaɗai. A dokar kamfanoni ta Amurka, musamman ta jihar Delaware inda yawancin irin waɗannan kamfanoni ke yin rajista, iko hawa uku ne. Masu hannun jari su ne ke zaɓen daraktoci. Hukumar daraktoci ita ke naɗa shugaban kamfani, ita ke yanka masa albashi, ita kuma ke sauke shi. Shugaban kansa ma'aikaci ne, ko da shi ya raɗa wa kamfanin suna. Mutum zai iya zama mai mafi yawan hannun jari a cikin ɗaiɗaikun masu shi, amma idan hukumar mai kujera biyar ce kuma uku suka ɗaga hannu, ya sauka. Hannun jarinsa na nan, ofis ne ya rasa.

Yadda kujerun ke sulalewa kuwa a hankali ne, shi ya sa da yawa ba sa ankara. A zagayen farko na tara jari, hukumar kan kasance mai kujera uku, biyu na waɗanda suka kafa kamfani, ɗaya ta mai jari. A zagaye na gaba sabon mai jari ya shigo, shi ma yana son kujerarsa, sai a koma biyar: biyu nan, biyu can, da ta biyar wadda ake ba wani ɗan ba-ruwanmu. A zagaye na uku rinjaye ya riga ya koma ɗaya ɓangaren. Haka ma hannun jarin. Idan a kowane zagaye aka sayar da kusan kashi 20 cikin 100, bayan zagaye uku abin da ya rage ya ɗan haura rabi ne kawai, shi ɗin ma a raba tsakanin abokan kafawa da kason da ake ware wa ma'aikata. Ga kuma wani sharaɗi da masu jari ba sa yafewa: hannun jarin mai kafa kamfani ba ya zama nasa dungurungum, sai ya ci gaba da aiki, galibi na shekara huɗu, yana mallakarsa kaɗan-kaɗan. Wanda aka sallama bayan shekara biyu na iya tafiya da rabin abin da yake ɗauka nasa ne. Saboda haka ranar da aka kira taro aka sauke mutum, ba ranar ce ya rasa kujerarsa ba. Ya rasa ta tun ranar da ya sa hannu a takardar da ta ba wasu rinjaye, ana murna ana ɗaukar hoto.

Mu nan mun saba da wani tsarin daban, shi ya sa abin ke ba mu mamaki. A ƙiradi, mai dukiya ya ba da kuɗinsa, mai aiki ya juya, su raba riba bisa abin da suka yi ittifaƙi, mai dukiya ba ya zuwa ya zauna a shago. Jarin kasada, wato irin jarin da ake zuba wa sababbin kamfanonin da ba a san ko za su rayu ba, ba haka yake ba. Mai shi yana sayen kaso ne na kamfanin kansa, tare da murya a cikin tafiyar da shi.

To me ya sa suke amfani da wannan murya wajen sauke mutum? Ka fara sanin cewa kuɗin da suke zubawa ba nasu ba ne. Amana ce da suka tattaro daga asusun fansho, da wakafin jami'o'i, da manyan gidajen attajirai, kuma akwai wa'adi a kanta, yawanci shekara goma. Suna cin kusan kashi 2 cikin 100 na asusun kowace shekara a matsayin ladan kulawa, sannan kashi 20 na ribar da aka samu. Mafi yawan kamfanonin da suka zuba wa kuɗi ba za su dawo da komai ba, ɗaya ko biyu ne za su biya asarar sauran har a samu riba. Wanda ke cikin wannan hali, kamfanin da ke kawo 'yar riba mai albarka kowace shekara bai yi masa komai ba. Yana buƙatar ya girma ninkin-ba-ninkin, a kuma sayar da shi ko a kai shi kasuwar hannun jari kafin wa'adi ya cika. Mai kafa kamfani na iya cewa a bi a sannu, nan da shekara ashirin za a ga abin da yake nufi. Mai jari ba shi da shekara ashirin. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma wannan gaggawa tana cikin ladan.

Dalili na biyu ya fi ɗaci, domin akwai gaskiya a cikinsa. Aikin shugaban kamfani mai mutum goma daban yake da na mai mutum ɗari uku. A farko ana buƙatar wanda zai kwana a gaban kwamfuta, ya san kowane lungu na manhajar, ya sauya hanya cikin dare ɗaya. Daga baya aikin ya koma ɗaukar manyan ma'aikata da sallamar su, tsara kasafi, sasanta shugaban tallace-tallace da shugaban injiniyoyi, zama da lauyoyi da masu binciken kuɗi. Wasu masu kafa kamfani suna koyon wannan. Wasu ba sa iyawa, wasu kuma ba sa ma so.

Noam Wasserman, lokacin yana koyarwa a makarantar kasuwanci ta Harvard, ya bi diddigin sababbin kamfanoni 212 na Amurka da aka kafa a ƙarshen shekarun 1990 da farkon 2000, ya wallafa sakamakon a 2008. Ya samu cewa kafin kamfani ya cika shekara uku, rabin waɗanda suka kafa sun bar kujerar shugabanci. A shekara ta huɗu kashi 40 cikin 100 ne suka rage, kuma waɗanda suka kai kamfaninsu kasuwar hannun jari da kansu ba su kai kashi 25 ba. Huɗu cikin biyar na waɗanda suka sauka, tilasta musu aka yi. Abin da ya fi tsaya mini a binciken nasa shi ne wanda ya yi tun 2003 a kan kamfanonin intanet kaɗai, inda ya nuna cewa lokuta biyu ne hatsarin sauke mutum ya fi tashi: bayan ya kammala gina hajarsa, da bayan ya yi nasarar tara sabon jari. Wato nasararsa ce ke jawo masa. Ya gama aikin da ya fi kowa iyawa, ya kuma shigo da mutanen da ke da ikon cewa aikin da ya rage ba nasa ba ne.

Labarin da ya fi nuna mummunar fuskar abin shi ne na Cisco, kamfanin da ya ƙera na'urorin da intanet ta miƙe a kansu. Sandy Lerner da mijinta Len Bosack ne suka kafa shi a 1984, suna ma'aikatan Jami'ar Stanford. A 1987 Don Valentine na kamfanin jarin kasada na Sequoia Capital ya zuba jari, ya kuma karɓi ikon tsara shugabanci. A 1988 ya kawo John Morgridge ya zama shugaba. Kamfanin ya shiga kasuwar hannun jari a Fabrairun 1990, a watan Agustan shekarar aka kori Lerner, Bosack ya bi ta. Suka sayar da kasonsu a kan kusan dala miliyan 170, alhali shekara goma bayan nan Cisco ya taɓa zama kamfani mafi daraja a duniya. Wanda zai kare Valentine zai ce ai ga sakamako. Ni dai ina ganin kamfani na iya cin nasara kuma a ce an zalunci mutum, ɗayan ba ya goge ɗayan.

Amma da Cisco ne kaɗai misali, da amsar ta yi sauƙi. Dubi eBay. Pierre Omidyar ya buɗe wannan shafi na saye da sayarwa a 1995, kamfanin jarin kasada na Benchmark ya zuba dala miliyan 6.7 a 1997, a 1998 aka ɗauko Meg Whitman daga kamfanin kayan wasan yara na Hasbro. Ta tarar da ma'aikata kusan 30, ta bar kamfanin a 2008 da ma'aikata wajen 15,000 da cinikin kusan dala biliyan 8 a shekara. Babu wanda ya kori Omidyar. Shi ma yana neman wanda zai karɓi aikin, ya koma shugaban hukumar daraktoci, ya riƙe kasonsa. Reid Hoffman na LinkedIn shi ma da kansa ya miƙa ragama, na farkon da aka kawo bai daɗe ba, na biyun, Jeff Weiner, ya riƙe kamfanin har Microsoft ya saye shi a kan dala biliyan 26.2 a 2016.

Google ne ya fi cancanta a tsaya a kansa. A Yunin 1999 kamfanonin jarin kasada na Kleiner Perkins da Sequoia suka zuba dala miliyan 25, bisa fahimtar cewa Larry Page da Sergey Brin za su ɗauko gogaggen shugaba. Samarin biyu, dukansu ba su kai shekara talatin ba, suka yi ta jan ƙafa har kusan shekara biyu. John Doerr na Kleiner Perkins bai kai maganar ga ƙuri'a ba. Ya haɗa su da shugabanni irin su Andy Grove na Intel da Jeff Bezos na Amazon da Steve Jobs na Apple, domin su ga aikin da idonsu. A ƙarshe suka amince da Eric Schmidt a 2001. Ka lura da ko wane ne shi: shugaban kamfanin manhaja na Novell ne, tsohon babban jami'in fasaha a Sun Microsystems, mai digirin digirgir a kimiyyar kwamfuta. Ya san kasafi, ya kuma san abin da injiniya ke faɗa. Su ukun suka yi mulki tare, shi yana gina kamfani, su suna riƙe da haja. Da za su shiga kasuwar hannun jari a 2004 suka ware wa kansu wani nau'in hannun jari mai ƙuri'a 10 kowanne, ta yadda ba mai iya ture su. A 2011 Page ya koma kujerar, bayan shekara goma yana koyo a gefen wanda ya fi shi sanin aikin. A ganina wannan ne mafi kyawun abin da tsarin ya taɓa haifarwa, kuma sirrinsa ba ɓoyayye ba ne: samarin ne suka zaɓi mutumin, kuma ba su je ko'ina ba.

Yahoo ya bi hanya mai kama da wannan ya fita ta wata ƙofar. Jerry Yang da David Filo sun karɓi jarin Sequoia a 1995, aka kawo Tim Koogle a shekarar, abubuwa suka yi kyau har kasuwar kamfanonin intanet ta rushe a 2000. A 2001 aka ɗauko Terry Semel, wanda ya shafe fiye da shekara ashirin a kamfanin fina-finai na Warner Bros. Ya gyara lissafi, ya dawo da riba, amma ya ɗauki Yahoo a matsayin gidan watsa labarai da nishaɗi a daidai lokacin da yaƙin ya koma fagen injin bincike, Google kuma ya yi gaba. Irin hatsarin ke nan da ke tattare da manajan waje. Ya ƙware wajen gudanar da kasuwancin da aka riga aka san siffarsa, ga shi a fagen da siffar ke sauyawa duk bayan 'yan shekaru. Sai dai kada ka yi saurin cewa da mai kafawa ne da bai yi wannan kuskure ba. Yang ya karɓi shugabanci a 2007, a 2008 Microsoft ya taya kamfanin dala biliyan 44.6, aka ƙi sallamawa. A 2017 kamfanin sadarwa na Verizon ya sayi ainihin kasuwancin Yahoo a kan kusan dala biliyan 4.5. Shi wannan Yang ɗin kuma shi ne ya ƙulla cinikin 2005 da Yahoo ya sayi kashi 40 cikin 100 na Alibaba, kamfanin cinikin intanet na ƙasar Sin, a kan dala biliyan 1, wanda daga baya ya fi sauran kamfanin duka daraja. Mutum ɗaya, hangen da babu manajan da zai yi, da ƙaunar kamfani wadda ta hana shi sayarwa a lokacin da ya kamata.

Abin da ka karanta ɗin, ɗan'uwa, ya fi ƙarfi ne a shekarun 1990. Daga tsakiyar shekarun 2000 iska ta juya. Dawowar Steve Jobs Apple a 1997, bayan fitarsa a 1985 sakamakon rikici da John Sculley da aka ɗauko daga Pepsi, ta zama hujjar da kowane mai kafa kamfani ke kafawa. Jeff Bezos bai taɓa sauka ba sai da ya ga dama a 2021. Sai kuma Facebook, inda aka tsara hukumar tun farko ta yadda Mark Zuckerberg ke riƙe da rinjaye. Shi ya sa ya iya ƙin tayin dala biliyan 1 daga Yahoo a 2006 yana ɗan shekara 22. A 2008 ya ɗauko Sheryl Sandberg daga Google, ba don ta zauna a samansa ba, don ta zama ta biyunsa ta gina ɓangaren talla da gudanarwa. Wannan ya zama sabon salo. Kafa kamfanin intanet ma ya yi arha, musamman bayan Amazon ya fara ba da hayar manyan kwamfutocinsa a 2006, kuɗin ruwa ya faɗi ƙasa bayan 2008, masu jari suka yi yawa suna rububin kamfanoni kaɗan. Kamfanin jarin kasada na Andreessen Horowitz da aka kafa a 2009 ya mai da fifita masu kafa kamfani abin tallarsa. Har aka kai ga Snap, mai manhajar Snapchat, ya shiga kasuwa a 2017 yana sayar wa jama'a hannun jarin da ba shi da ƙuri'a ko ɗaya.

Wannan ma ya zo da tasa cutar. A Uber, Travis Kalanick, shugabansa kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa shi, yana da hannun jari mai ƙuri'u masu yawa da abokai a hukuma, don haka babu mai taka masa burki. A Fabrairun 2017 wata tsohuwar injiniyar kamfanin, Susan Fowler, ta bayyana cin zarafin da ta fuskanta da yadda aka yi biris da ƙorafinta, aka ɗauko tsohon ministan shari'ar Amurka Eric Holder ya yi bincike. A watan Yuni manyan masu jari biyar, Benchmark na gaba, suka miƙa wa Kalanick wasiƙa suna neman ya sauka, ya sauka. Dara Khosrowshahi ya zo daga Expedia a watan Agusta, aka soke fifikon ƙuri'un, kamfanin ya shiga kasuwa a 2019, ya ga ribar gudanarwa ta cikakkiyar shekara karo na farko a 2023. WeWork kuwa, kamfanin ba da hayar ofisoshi, an ƙiyasta shi dala biliyan 47 a farkon 2019, aka sauke shugabansa Adam Neumann, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa shi, a watan Satumba bayan takardun shiga kasuwa sun fallasa yadda ake tafiyar da shi, a 2023 ya bayyana karyewa. A duka biyun laifin masu jari ba sauke mutum ba ne, jinkirin da suka yi ne suna kallo saboda darajar kasonsu na hawa. Ma'aikata ne suka ɗanɗana kuɗar wannan shirun.

Idan ka jera waɗannan, ga abin da nake gani. Muddin kamfani bai gama gano abin da zai sayar da wanda zai saya ba, sauke mai kafa shi kusan kullum kuskure ne, domin manajan waje ba shi da abin gudanarwa tukuna, kuma ba shi da ƙarfin halin rushe abin da ya tarar ya sake gini. Idan hanya ta fito, aiki ya koma na faɗaɗawa, to kawo ƙwararre na iya zama alheri, da sharaɗin mai kafawa na cikin masu zaɓensa kuma ya ci gaba da riƙe haja. Inda kuma shugaba ke cutar da ma'aikata ko yana wasa da amana, sauke shi wajibi ne, ko shi ya aza tubalin farko. Wasserman ya ce mai kafa kamfani yakan zaɓi ɗaya ne tsakanin dukiya da sarauta, kuma waɗanda suka haɗa biyun 'yan kaɗan ne. Sunayensu ne muke ji kullum, shi ya sa muke zaton su ne da yawa.

Abin bai tsaya a Amurka ba, tunda jarin da ke shigowa kamfanonin intanet na Najeriya da irin waɗannan takardu yake zuwa. Sim Shagaya ya kafa Konga a 2012, ya samu jari daga kamfanonin waje na Kinnevik da Naspers, ya bar kujerar shugabanci a farkon 2016, Zinox ya sayi kamfanin a 2018. A Jumia ma, shugabanni biyun da suka ja shi tun farko sun sauka a Nuwamban 2022. Akwai kuma bambanci ɗaya da ya kamata ku sani: dokar kamfanoni ta Najeriya, CAMA, ta tsaya a kan hannun jari ɗaya ƙuri'a ɗaya, in ban da wasu 'yan yanayi na musamman. Garkuwar da Page da Zuckerberg suka riƙe ba ta samuwa ga kamfanin da rajistarsa ta tsaya a nan. Masu jarin waje kuma sukan nemi a buɗe uwar kamfani a Delaware, inda dokar can ce za ta yi hukunci.

Ku da ke shirin neman jari, idan takarda ta zo, idonku zai fara sauka a kan darajar da aka yi wa kamfanin. Ku wuce wannan layin ku nemi inda aka yi maganar hukumar daraktoci. Kujeru nawa ne, wa ke naɗa kowacce, kuma kujerar ɗan ba-ruwanmu wa ke zaɓen mai zama a kanta, ku da su tare ko su kaɗai? Shin kujerarka a hukuma taka ce a matsayin wanda ya kafa kamfani, ko ta duk wanda ke shugabanci ce, ta yadda ranar da aka sauke ka za ka rasa biyun a lokaci guda? Idan aka sallame ka ba da wani laifi ba, me zai faru da kason da bai gama zama naka ba? Ku ɗauki lauyanku na kanku wanda ya saba da irin wannan ciniki, kada ku dogara da wanda mai jari ya kawo. Ku ukun kuma ku zauna tun yanzu, kafin kuɗi ya shigo, ku faɗa wa juna gaskiya a kan wanda ke son shugabanci da wanda gini kawai yake so.

Sannan ku binciki mai jarin kamar yadda yake bincikenku. Zai ba ku sunayen waɗanda suka ji daɗin aiki da shi. Ku nemo da kanku waɗanda aka sauke a kamfanonin da yake da kujera, ku tambaye su ko an faɗa musu matsalar tun da wuri an ba su lokacin gyara, ko kuwa sun shiga taro ne suka tarar an riga an gama magana da wanda zai gaje su.